Yadda ƙaramin shafin tafiye-tafiye zai yi fice a gaban manyan kamfanoni

Duk wanda ya buɗe shafin tafiye-tafiye a intanet yau, ya shigo kasuwar da manya suka riga suka kama rumfunan bakin ƙofa. Booking.com tun 1996 yake harka, Tripadvisor tun 2000, Airbnb tun 2008. Ga kuma Google da ke jera farashin jirgi da na otal a saman sakamakon bincike, kafin mutum ya kai ga shafin kowa. Babu ƙaramin shafin da zai kayar da waɗannan da yawan otal ko da kuɗin talla, kuma wanda ya gwada zai ƙarar da jarinsa cikin 'yan watanni. Raunin manyan wuri ɗaya yake: sun san ko'ina sama-sama. Shafin da ke sayar da ɗakuna a duk faɗin duniya ba shi da wanda zai gaya maka cewa ɗakunan bayan otal kaza suna kallon injin wuta, ko cewa motar ƙarshe daga filin jirgi tana tashi kafin jirgin dare ya sauka. Wannan giɓin shi ne kasuwarka, kuma duk aikin da za a yi wa shafin ya kamata ya zama na cike shi.

Fara da taƙaita fage

Zaɓi wuri ɗaya, ko nau'in matafiyi ɗaya, ko duka biyun. Iyalai masu ƙananan yara, masu keken guragu, ɗaliban da za su karatu waje a karon farko, masu hawan tsauni, masu tafiyar jirgin ƙasa tsakanin ƙasashe, kowane ɗaya fage ne mai zaman kansa. Ga yadda za ka gane ko fagen naka ne: ɗauki takarda ka rubuta tambayoyi talatin da matafiyi zai yi kafin ya biya kuɗi, ka amsa su ba tare da ka buɗe intanet ba. In ka maƙale a ta goma, ko dai ka ƙara matse fagen, ko ka je ka san wurin tukuna.

A ɗauki misalin mai shirya hawan tsaunin Kilimanjaro a Tanzaniya. Shafi dubu sun riga sun rubuta cewa tsayinsa mita 5,895 ne kuma shi ne mafi tsawo a Afirka, don haka sake faɗin wannan ba ya jawo kowa. Abin da mai niyyar hawa yake nema shi ne bambancin hanyoyin. A hanyar Marangu bukkoki ake kwana, a Machame da Lemosho kuwa tanti ake kafawa. Ƙarin kwana ɗaya ko biyu a kan hanya yana ba jiki damar sabawa da ƙarancin iska, shi ya sa shirin da ya fi gajarta, wanda ya fi arha a ido, shi ne wanda mutane suka fi juyowa a cikinsa ba su kai ƙololuwa ba. Shafin da ya zauna ya yi wannan bayani dalla-dalla, har da wanda bai kamata ya ɗauki gajeren shirin ba, ya riga ya rabu da tarin abokan gasarsa.

Kowace tambaya ta gaske a ba ta shafinta, da taken da ya faɗi tambayar yadda mutane ke rubuta ta. Taken kada ya wuce haruffa sittin ko kusa da haka, domin Google yana yanke abin da ya yi tsawo. Bayan 'yan makonni ka buɗe Google Search Console, dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda ake samun shafinsa a bincike, wanda kyauta ne, ka duba kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana musu. A nan za ka ga tambayoyin da ba ka taɓa tunani ba, kuma su ne jadawalin rubutunka na gaba.

Bayanin da ba a kwafo ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko bayanin da otal ko kamfanin yawon buɗe ido ya raba wa kowa, a manna shi yadda yake. Wannan rubutun yana shafuka ɗaruruwa, injin bincike kuwa ɗaya zai zaɓa ya nuna, kuma ba naka zai zaɓa ba. A watan Disamba na 2022 Google ya ƙara gogewar marubuci ta kai-tsaye a cikin ƙa'idojin da masu tantance ingancin shafuka ke bi, wato ko wanda ya yi rubutun ya taka wurin da ƙafarsa. A watan Maris na 2024 kuma ya tsaurara dokarsa kan shafukan da ake zubowa barkatai don a kama matsayi kawai, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Wanda ya sa na'ura ta rubuta masa "wurare goma da za ka ziyarta" na birane ɗari biyar ya tara wa kansa shara ne.

Bayanin da ke sayar da tafiya ƙanana ne kuma na awo. Minti nawa ne a ƙafa daga tasha zuwa ƙofar masauki, da jaka a hannu. Matakala nawa ne kafin a kai ɗaki, akwai lif ko babu. Wane irin soket ne a bango. Ƙarfe nawa ake rufe teburin karɓar baƙi, kuma me zai faru da wanda jirginsa ya yi latti. A wane wata ruwan sama ke rufe hanya. A kan kowane shafi irin wannan a rubuta ranar da aka duba bayanin na ƙarshe da sunan wanda ya duba. Kada a canja ranar in ba a sake dubawa ba, domin matafiyin da ya tarar da tashar da ka kwatanta an rushe ta tun bara ba zai sake yarda da kome a shafinka ba.

Maganar biza da fasfo tana buƙatar taka-tsantsan na musamman, domin kuskure a nan yana hana mutum hawa jirgi. Misali, mai ɗan gajeren zama a yankin Shengen na Turai kwana 90 yake da su a cikin kowane kwana 180, kuma ana son fasfonsa ya kasance da sauran wata uku bayan ranar da zai fita. Ƙasashe da dama kuma wata shida suke nema. Irin wannan a faɗe shi a sarari, a haɗa da mahaɗin da zai kai mutum shafin ofishin jakadanci ko na hukumar shige da fice, domin dokokin suna canjawa kuma sun danganta da ƙasar da ta ba da fasfon.

Hoto, da nauyin hoto

Gani ya kori ji, kuma a harkar tafiya hoto ne ke yanke shawara. Sai dai hoton da aka saya daga rumbun hotuna, na teku mai shuɗi da mutane biyu suna dariya, mai kallo ya gan shi sau ba adadi, idonsa ma ba ya tsayawa a kansa. Ɗauki naka. A ɗakin kwana a ɗauki gado daga bakin ƙofa, a ɗauki banɗaki har da wurin wanka, a tsaya a taga a ɗauki abin da baƙo zai gani da safe, ko da bango ne. A ɗauki ƙofar shiga daga titi yadda mai sauka daga mota zai hange ta da daddare. Kada a yi amfani da madubin kyamara mai faɗaɗa ɗaki fiye da kima. Baƙon da ya buɗe ƙofa ya tarar da rabin abin da ya gani a hoto, kai zai zarga, kuma a bainar jama'a zai yi.

To amma hoto shi ne kuma abin da ya fi kashe shafukan tafiye-tafiye. Hoton da ya fito daga kyamara kai-tsaye yakan kai megabait biyar ko fiye, shafi ɗaya kuma sai a zuba masa guda ashirin. Kafin a ɗora, a rage faɗin babban hoto zuwa fiksel 1,600 ko kusa da haka, a mayar da shi tsarin WebP ko AVIF, nau'o'in fayil ɗin hoto marasa nauyi, a yi ƙoƙarin kada ya wuce kilobait 200. A tanadi ƙananan kwafi ta yadda waya za ta ɗauki nata daidai da allonta. Hotunan da ke ƙasa a sa su jira sai mai karatu ya gangaro kusa da su kafin su sauko. Amma babban hoton da ke saman shafi kada a sa shi cikin masu jira. Wannan kuskure ne da ake yawan yi idan an kunna tsarin ga dukkan hotuna a lokaci ɗaya, kuma yana jinkirta ainihin abin da ya kamata ya fara fitowa. Kowane hoto a rubuta masa faɗi da tsawo a cikin lambobin kwamfutar da aka gina shafin da su, domin a tanadar masa gurbi tun kafin ya iso.

Google yana da ma'auni uku da yake auna lafiyar shafi da su. Na farko, LCP, lokacin da abu mafi girma a allo yake ɗauka kafin ya bayyana, ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. Na biyu, INP, saurin amsawar shafi idan an taɓa maɓalli, kada ya wuce kashi 200 cikin dubu na daƙiƙa, kuma shi ne ya maye gurbin tsohon ma'aunin a watan Maris na 2024. Na uku, CLS, yawan zamewar abubuwa a allo, kada ya wuce 0.1. Wannan na ukun kowa ya san zafinsa: ka miƙa yatsa za ka danna ranar tafiya, talla ta faɗo daga sama, ka danna wani abu dabam. Za ka ga makinka a PageSpeed Insights, shafin Google na gwada saurin shafuka. Amma gwajin da ya fi gaskiya shi ne ka ari waya mai arha, ka kashe Wi-Fi, ka kama ɗaki a shafinka daga farko har ƙarshe. Google kansa fuskar waya yake dubawa wajen jera shafuka. Bidiyon da ke kunna kansa a saman shafi, da taswirar da ke saukowa tun ba a nema ba, da akwatin hira, da lambobin bibiyar talla guda shida, su ne yawanci ke cinye daƙiƙun. Taswira a sa hotonta kawai, ta buɗe idan an taɓa.

Farashi gaba ɗaya, tun daga farko

Babu abin da ke korar mai saye irin ya ga farashi ɗaya a farko, ya cike fom, a mataki na ƙarshe ya tarar an ɗora haraji da kuɗin shara da kuɗin hidima. Wasu suna yin haka don su fi kowa arha a jerin kwatance, kuma hukumomi sun fara toshe ƙofar. A Amurka, dokar hukumar kula da cinikayya ta tarayya da ta fara aiki a watan Mayu na 2025 ta wajabta wa masu sayar da masaukin ɗan lokaci su nuna jimillar farashi har da kuɗaɗen dole tun farko. A Birtaniya ma, daga Afrilun 2025 an haramta ɓoye kuɗaɗen dole sai ƙarshe. Tun a 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama otal, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka yi alkawarin daina matsa wa mai saye da saƙonnin da ke ba shi tsoron cewa ɗakuna na ƙarewa alhali ba haka ba ne. Ko dokar ƙasar da kake aiki ba ta kai nan ba, ka bi wannan tsarin. Ka rubuta jimilla, ka fayyace abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, ka faɗi kuɗin ƙasar da za a cire daga katin. In ɗakuna biyu ne suka rage da gaske, faɗi. In ba haka ba, yi shiru.

Sharaɗin fasa tafiya ya zauna kusa da farashi, a jimla ɗaya, da rana da awa. "Kyauta ne ka fasa har ƙarfe 6 na yammacin 12 ga Yuni, agogon garin da otal yake" ya fi "awa 48 kafin isowa" amfani, domin matafiyi da otal sau da yawa ba agogo ɗaya suke bi ba, kuma rigingimun mayar da kuɗi da yawa daga nan suke tasowa.

Hanyar biyan kuɗi

Nan ne ake asarar mutanen da aka riga aka shawo kansu. Mataki uku sun isa: zaɓen rana da ɗaki ko shiri, bayanin matafiyi, biya. Kada a tilasta wa kowa buɗe asusu kafin ya saya, a ba shi zaɓin bayan ya gama. Kowane gurbi a fom ka tambayi kanka me za a yi da amsar. In babu, cire shi.

Kalanda tana da tarkonta. 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a mafi yawan duniya kuma 3 ga Afrilu, don haka a rubuta sunan wata da haruffa, a haɗa da sunan rana. Ranakun da suka cika a dushe su tun kafin a taɓa. Gurbin suna shi ma a sake masa mara: akwai masu suna ɗaya tak, akwai masu huɗu, akwai masu haruffan da ba na Ingilishi ba da masu alamar ɗauri a tsakiyar suna. Fom ɗin da ya ce wa mutum sunansa ba daidai ba ne ya kore shi. In tikitin jirgi ne, a rubuta a saman gurbin cewa suna ya zo daidai da na fasfo, domin gyara bayan an yanki tikiti yakan ci kuɗi. Idan an yi kuskure a gurbi ɗaya, a nuna shi da bayani a gefensa, sauran abin da aka cike ya zauna yadda yake.

Lambar katin banki kada ta taɓa sauka a kwamfutarka. A bar wa kamfanonin karɓar kuɗi irin su Stripe ko PayPal ko makamantansu, waɗanda suka cika ƙa'idar tsaron kati ta PCI DSS. A gwada matakin tabbatarwa na 3-D Secure a waya, inda banki ke tura mutum wata manhaja ya amince sannan ya dawo. Shafuka da yawa suna mantawa da cinikin a daidai wannan fita da dawowa. Maɓallin biya kuma ya kulle da zarar an danna shi sau ɗaya, ya nuna cewa ana aiki, in ba haka ba mai rauniyar intanet zai danna sau uku a cire masa sau uku.

In kana sayar da ɗaki ɗaya a shafinka da kuma manyan shafuka, dole kalandojin su yi magana da juna. Haɗin iCal, wato tsarin da kalandoji ke musayar ranaku da shi, kyauta ne amma ba nan take yake sabuntawa ba, yakan ɗauki lokaci, kuma a wannan tazarar ce ake sayar wa mutum biyu ɗaki ɗaya. Mai ɗakuna da yawa ya nemi manhajar da ke daidaita dukkan hanyoyin sayarwa kai-tsaye. Manyan shafuka sukan karɓi kamashon da ya kai kashi 15 cikin 100 ko fiye, saboda haka duk baƙon da ya kama ɗaki ta hannunka akwai rarar da za ka iya mayar masa da wani ɓangarenta, kamar barin ɗaki a makare ko ɗauko shi daga tasha. Ka dai karanta yarjejeniyarka da su kan daidaita farashi kafin ka yi rangwame a fili.

Saƙon imel na tabbatarwa ya isa cikin minti ɗaya ko biyu, ɗauke da lambar ciniki, adireshi, lambar wayar da mutum zai ɗauka, da sharaɗin fasawa. Don kada ya faɗa akwatin shara, a saita SPF da DKIM da DMARC a sunan shafin, wato tsare-tsaren da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta waɗannan ga masu aika saƙonni da yawa, kuma ƙaramin mai aikawa ma yana cin moriyarsu.

Sharhin matafiya

A nemi sharhi kwana ɗaya zuwa uku bayan an dawo, lokacin da abin ke sabo a rai, kuma daga wanda ya saya kaɗai. A bar marasa daɗi a wurinsu, a amsa su da abin da aka gyara. Jerin taurari biyar zalla yana sa mai hankali zargi, kuma sharhin da ya ce ɗakin ƙarami ne amma tsaf yake ya fi yabo goma sayarwa. Sayen sharhi kuwa ramin ƙarya ne, ƙurarre, kuma a Amurka tun Oktoban 2024 laifi ne mai tara. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: tun 2019 Google ya daina nuna taurari a sakamakon bincike idan kamfani ne ya ɗora sharhin kansa a shafin kansa. Don haka a ƙarfafa wa baƙi su rubuta a Google Business Profile, wato shafin kasuwancinka a Google, da Tripadvisor ma.

Sauran gyare-gyaren ba sa buƙatar dogon bayani. A sa bayanan Schema.org, wato alamomin da ake sakawa a shafi don na'ura ta karanta, na otal ko na shirin yawo domin injin bincike ya gane adireshi da farashi. In shafin yana da harsuna da yawa, kowane harshe ya sami adireshinsa da alamar hreflang, wadda ke gaya wa injin bincike harshen shafin, kuma mutum mai jin harshen ya karanta aƙalla shafin farashi da na sharuɗɗa. Rubutu ya fita sosai daga launin bayansa, ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet tana neman bambancin haske na 4.5 zuwa 1, abin da farin rubutu a kan hoton sararin sama ba ya cikawa. Mai karɓar baƙi daga Tarayyar Turai kuma ya san cewa dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2018, tana iya hawa kansa ko da ba a can yake zaune ba.

Wajen awo, yawan masu leƙowa ba shi ne abin dubawa ba. A ƙirga mutum nawa suka zaɓi rana, nawa suka kai fom, nawa suka kai biya, nawa suka gama, a raba na waya da na kwamfuta. Matakin da adadin ya fi faɗuwa shi za a fara gyarawa, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a bar shi ya yi makonni kafin a yanke hukunci. Kuma a kwatanta wata da takwaransa na bara, domin harkar tafiya tana da lokacin cika da lokacin fari, kuma wanda ya gwada Agusta da Nuwamba zai ɗora wa sabon maɓallinsa laifin da na kalanda ne.